Aron Baki

Fasto ya shigo shagonmu da hantsi, ya tsaya tsakanin keken ɗinkina da teburin yanka yana juya makullin mota a yatsa. Tun daga yadda ya ja gaisuwa na san roƙo ne ya kawo shi. Yaya tana durƙushe gaban wata mata tana kama mata bakin siket, fil jere a leɓenta, don haka ni na amsa mana mu biyun.

"Maganar Dattijo ce," in ji shi, bayan matar ta fita. "Kun san an sallamo shi daga asibiti."

Mun sani mana, ai shi ne babban dattijon cocinmu. Ni kam ranar da na ji ɓarin jikinsa ya shanye har ƙarin abinci na yi.

Fasto ya ce ciwon ya zo da wani abu da ko likitocin sai da suka riƙe baki. Harshen da muke yi duka a gari ya ɓace wa Dattijo. Yana jin duk abin da aka faɗa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai yaren ƙauyensu, wanda ya sha a nono. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuwa a birni suka tashi, ban da "zo" da "ci" ba su san komai a yaren ba. Da nuni da gyaɗa kai aka gane yana so ya tsaya gaban jama'a ran Lahadi ya yi wa Allah godiya.

"Duk ikkilisiya ke kaɗai ke jin yaren nan," Fasto ya ce wa Yaya, idonsa a kan makullin. "Na san abin da nake roƙo. In kin ce a'a, ba zan ga laifinki ba."

Yaya ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta soka su a ƙaramin matashin da ke ɗaure a hannunta.

"Zan yi, Fasto."

Ai dole ta ji yaren. A bakin mijinta ta koye shi, da bakin surukarta da ta yi zaman shekaru a ɗakinmu na baya. Mijin Yaya ɗan ƙauye ɗaya ne da Dattijo. Shi ke jan motar makarantar coci, har sunansa ya ɓace, yara da manya kowa Direba. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Yana da ciwon suga, kuma in sugan ya faɗi sai ya jiƙe da gumi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, magana ta riƙa fita a karkace. Wata rana abin ya same shi da yara cike da mota. Ya samu ya gangara gefen titi, ya kashe injin, ya fito ya zube a ƙasa. Dattijo ne ya fara tsayawa a kansa.

A cocinmu ba a gulma, Allah ya kiyaye. Abin da ake yi shi ne roƙon addu'a. Ran Laraba da yamma, in aka zo wurin "ko akwai mai damuwa", sai mutum ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya, ya tona asirin maƙwabcinsa tas, jama'a su ce amin. A wannan Larabar Dattijo ya miƙe. Ya ce mu tuna da ɗan'uwanmu Direba, Shaiɗan ya same shi ta hanyar kwalba, har yaranmu sun kusa halaka. Aka durƙusa aka yi wa mijin Yaya addu'a mai zafi. Kafin Lahadi an karɓe makullin motar an ba ɗan ƙanwar Dattijo.

A lokacin Yaya ba wannan Yayar ba ce. Almakashi ake ce mata, kuma ba don sana'a ba. Ita ce ta taɓa gaya wa shugabar mawaƙa cewa in ta ɗauki waƙa har ƙadangarun katanga sauka suke yi su nemi wata unguwa. To ranar Lahadin nan ta tare ƙofar coci bayan sujada, ta wanke Dattijo tas, ta haɗa da matarsa da ke kabari, ta haɗa da 'ya'yansa, ta juyo kan duk wanda ya ce ta yi haƙuri. Ina tsaye a bayanta ina riƙe mata jaka, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina. Amma abin da mutane suka tafi da shi gida daban ne. Babbar 'yar Dattijo, wadda ke aikin jinya har muke ce mata Nas, ita ta faɗa a zumuntar mata: "Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da wannan bakin, in bai sha ba me zai yi?" Aka yi dariya, magana ta zauna. Daga nan ko likita ka ɗauko ka kawo ba mai saurara.

Direba bai yi mata faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Almakashina, kin yanka da kyau, amma rigata kika yanka."

Ya koma gadi a wani gidan sayar da katako, ya rame, ya daina zama bencin gaba. Ba a rufa shekara biyu ba ya rasu. Asibiti sun ce suga ne. Ni na san abin da na sani. Ya bar 'ya ɗaya, wadda har yau in rigima ta haɗa ta da yara a makaranta sai an kira ta 'yar mashayi.

Bayan an binne shi Yaya ta yi shiru, na ɗauka baƙin ciki ne zai wuce. Bai wuce ba. Ta fara zuwa coci tun kafin mai shara ya gama, ta zauna can baya ita kaɗai. A shago kuma, in mai ɗinki ta zo da rashin kunya, maimakon ta sha abin da ta saba sha, sai in ga Yaya ta kai hannu ga matashin nan ta cika leɓenta da fil, ko da kuwa babu abin kamawa a gabanta. Da na gaji na tambaye ta, ta ce da farko da ƙarfinta ta so ta riƙe bakin.

"In na riƙe da safe, kafin rana ta take na zubar. Sai na gane guga ba shi da laifi, Auta, abin da ke cikin rijiya yake ɗebowa. Na daina roƙon Ubangiji ya ɗaure mini baki, na koma roƙon Ruhunsa ya yashe rijiyar."

"To fil ɗin fa?"

"Kafin in gama zare su na samu lokacin yin roƙon."

Na ce mata ni dai tsohuwar Yaya ta fi mini. Har yanzu wani lokacin haka nake ji.

Fasto na fita na tashi na turo ƙofar shagon, na ja kujera na zauna gabanta.

"Yaya, Allah ya kawo mana shi har gida."

Ta ɗauki alli tana zana hannun riga.

"Wa zai san abin da ya faɗa? Ba kowa. Ya ce ya gode wa Allah, ke kuma ki ce, ni ne na yi wa Direba ƙarya, bai taɓa shan komai ba, ku yafe mini. Shi ke nan. Ba ƙarya kika yi ba, ai gaskiyar ke nan."

"Yana jin abin da zan faɗa, Auta."

"Ya ji mana. Da wane bakin zai musa? Ya yi ta gwaranci, ki ƙara fassara masa. Yadda mijinki ya zauna yana ji ana yi masa addu'ar ƙarya ya rasa ta cewa, shi ma ya zauna ya ɗanɗana. A gaban 'ya'yansa, a gaban Nas."

Allin ya tsaya.

"In ba don mijinki ba, ki yi don 'yarki. Ko so kike ranar aurenta ma a ce 'yar mashayi ce za a kai?"

Ta kai hannu ga matashin, fil ɗaya ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Ran Asabar da la'asar tana guga a ɗakin ciki, na shiga ɗaukar zare, na ji tana magana ƙasa-ƙasa da murya irin ta mai gwaji: "Ni ne na ɓata masa suna. Ni ne." Na fito a hankali kamar ban ji ba. Daga nan na bi matan zumunta a waya ɗaya bayan ɗaya, na ce kada wadda ta kuskura ta makara gobe. Na goge wa 'yar Yaya farar rigarta da hannuna.

Ran Lahadi coci ta cika har ana ƙaro kujerun roba. Na zaunar da yarinyar kusa da ni a layi na biyu, daidai bayan 'ya'yan Dattijo, don in ga ƙeyarsu da kyau. Bayan an karɓi baikon coci aka turo Dattijo a keken marasa lafiya. An sa masa kwat ɗin da yake sawa in zai raba jibin Ubangiji, ta yi masa yawa yanzu. Bakinsa ya karkace gefe guda, hannun dama na kwance a cinya. Na nemi tausayi a raina ban samu ko ɗigo ba.

Yaya ta fito ta tsaya a gefensa. Aka ba ta makirfo ɗaya, aka saita masa ɗaya a kan sanda. Fasto ya tuna mata ƙa'idar tafinta a cocinmu, wadda kowa ya sani: ba a cewa "ya ce", ana magana ne kamar kai ne mai maganar.

Dattijo ya fara, muryar na fita da ƙyar. Ya tsaya. Yaya ta ce, "Na gode wa Allah da ya tashe ni daga gadon da ban yi zaton zan tashi ba."

Jama'a suka ce amin.

"Na gode wa 'ya'yana da ba su gaji da ni ba. Na gode wa mata da suka yi ta kai mini abinci."

Amin. Na ce a raina, ci gaba, Yaya, bar su su saki jiki tukuna.

Sai ya ja wata magana mai tsawo, yana ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya kamar yadda yake yi a da in yana gargaɗin matasa. Da ya kai aya, aka jira fassarar Yaya. Ta riƙe makirfon da hannu biyu. Ta kai hannu inda matashin fil yake zama, babu shi, yana shago. Ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta. Na gyaɗa mata kai, na matse hannun yarinyar har ta ce, "Anti, da zafi." Leɓen Yaya na motsi ba sauti. Fasto ya gyara tsayuwa.

Sannan ta buɗe baki, muryarta a daidaice, ba ta ɗaga ba, ba ta lanƙwasa ba.

"Na san Ubangiji ya bar ni da rai ne saboda na riƙe hannuna da bakina da tsabta. Tun da nake a ikkilisiyar nan ban taɓa ɓata sunan kowa ba."

Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Matar Direba, a gaban 'yar Direba, da bakinta. Da na san haka za ta yi da na kulle ta a shago.

Amma ba wanda ya ce amin. Ko tsohuwar da ke cewa amin in an sanar da ranar shara ba ta ce ba. Sai ƙarar fanka. Mutanen da suka durƙusa a waccan Larabar duk suna nan, kuma na ga kawuna suna sunkuyawa layi bayan layi. Dattijo ya juyo da kansa a hankali ya ɗaga ido ya dubi wadda ta ara masa baki. Ina jin sai a lokacin ya ji maganarsa yadda take. Ya daɗe yana dubanta. Ya miƙa hannun hagu ya kama gefen rigarta ya ja.

Yaya ta sauke makirfon ta sunkuya. Ya kauce daga nasa, ya yi ta magana a kunnenta, miyau na zuba, hawaye na bin gefen da ya karkace. Ban jin yaren, amma na ji suna ɗaya da na sani, sunan da tsohuwar Direba kaɗai ke kiransa da shi. Ya faɗe shi ya sake faɗa. Na rantse na san abin da yake cewa. Na miƙe rabi daga benci.

"Me ya ce, 'yar'uwa?" Fasto ya tambaya.

Yaya ta yi wa Dattijo wata gajeriyar tambaya a yaren. Ya dubi layin gaba inda 'ya'yansa ke zaune, ya runtse ido, ya girgiza kai. Ta ƙara tambayarsa wani abu, wannan karon ya gyaɗa. Ta miƙe tsaye, fuskarta jiƙe, ta ɗaga makirfon.

"Wannan da ni yake, Fasto."

Mawaƙa suka yi maza suka ɗauki waƙa, aka tura shi waje. Ni ban tsaya addu'ar albarka ba. Na ja yarinyar muka tafi gida a ƙafa, ina tafe ina zagi a raina, na rasa wa na fi jin haushi tsakanin tsohon da Yayata.

Ban yi mata magana ba sai washegari a shago. Na bari ta shimfiɗa yadi ta ɗauki almakashi, sannan na sauke mata duk abin da na kwana da shi. Na ce ta sayar da mijinta don a ce mata mai tsarki. Na ce ko kare aka kashe wa mutum ya fi haka ɗaukar fansa. Na ce Allah ya ba ta a hannu har sau biyu ta zubar. Ta bar ni na gama.

"Dattijo ya san ba giya ba ce," in ji ta. "Tun ranar ya sani. Ya sunkuya a kan mijina a bakin titin, bai ji warin komai ba. Ɗan ƙanwarsa ne ke zaune ba aiki. Abin da ya faɗa mini ke nan. Na tambaye shi ko in gaya wa jama'a, ya ce a'a. Na ce mutanen gidana fa, ya ce i. Jiya na gaya wa yarinyar, ta yi kuka ta yi barci. Yau na gaya miki. Iyakarta ke nan, Auta, amana ce."

"Amanar wa? Ta wanda ya kashe miki miji?"

"Bakina ya ara, ba zan sa masa abin da bai ce ba, ba zan kuma ƙwace abin da bai ba ni ba. In zai faɗa, shi zai faɗa."

"In ya mutu bai faɗa ba fa?"

Ta ajiye almakashin. Sai a lokacin na ga ta yanka hannun rigar biyu duk na gefe ɗaya, Yaya da ba ta taɓa ɓata wa kowa yadi ba.

"Kina tsammani ban so ba? Maganarki ta zo mini har nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Na haddace ta, kin ji ni ai ran Asabar. Na tsaya a wurin nan ina ganin 'yata, ina cewa Ubangiji, in ba ka riƙe ni ba na tafi. Na taɓa kare mijina da bakina, kin ga inda ya kai shi. Ba zan wanke shi da ƙarya ba."

Na koma kan kekena na taka shi kamar shi ya yi mini laifi.

Rana ta ɗan yi sama sai ga mota ta tsaya a ƙofar shago. Nas ce, da kayan aikinta a jiki, ido ya yi ja. Ta gaishe da Yaya har da ɗan rusunawa, abin da ban taɓa gani ba.

"Baba bai sa komai a bakinsa ba tun jiya. Suna ɗaya yake ta kira, yana nuna ƙofa, yana nuna wajen coci. Mun kasa gane abin da yake so. Don Allah ki zo ki ji mana."

Yaya ta ce bari ta ɗauko mayafi, ta kwance matashin fil daga hannunta ta ajiye a kan teburina, ta shige ɗakin ciki. Aka bar ni da Nas. Ta matso kusa da kekena, ta sassauta murya.

"Auta, ke kin san abin da ya faɗa mata jiya?"

Na ɗago na dube ta. Wannan bakin ne ya ce in bai sha ba me zai yi. Ga ta a shagonmu, ita kaɗai, ta kawo kanta, ta kuma tambaya da kanta. Maganar ta riga ta haɗu a kan harshena, gajeriya, mai kaifi, ba ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma na san daidai inda za ta shige ta. Shekaru nake jiran wannan. Har na ja numfashi.

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga matashin ba. Na ɗebi fil na cusa a leɓena da gaggawa har ɗaya ya soke ni, na ji ɗanɗanon jini. Ban iya addu'ar da Yaya ke yi a irin wannan lokacin ba, sai na ce a raina, Ubangiji, tawa rijiyar ta fi ta Yaya datti, kai ka san inda za ka fara. Nas ta jira, ta gaji, ta juya tana kallon titi.

Yaya ta fito tana gyara mayafi. Ta dubi bakina, ta dubi teburina da babu ko ƙyalle a kai da za a kama. Ta miƙo mini hankicinta don jinin, ta bi Nas zuwa mota.